GTI Ba Golf Ɗin Haya Ba Ce, Malam

Na karanta rubutunka inda kake zuga matasa su sayi Golf GTI ta hannu ido rufe, wai ai Golf duk Golf ce, kowane bakanike ya san ta. Malam, ka yi tuya ka manta da albasa.

Golf 3 da ke jigilar fasinja a tashoshinmu tana jure sakaci, har gurɓataccen mai takan sha ta wuce. GTI ta biyar kuwa, wadda Volkswagen ta fitar a 2004, injinta lita 2 ne mai turbo, ƙarfin doki 200, kuma ba ta yafiya. Giyarta ta DSG tana son sabon mai da sabuwar matata duk kilomita 60,000. Dillali nawa ne zai nuna maka shaidar an yi hakan? A ƙarƙashin famfon fetur akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi murfin kwalba ba. In ya huje ba a lura ba, sai ya ci famfon har da sandar da ke tura shi. Ta shida ma da nata ciwon: abin da ke ɗaure sarƙar injin kan saki.

Ka kuma manta da wanda ya hau ta kafin ta iso Kwatano. Wa ke sayen GTI don ya yi tafiyar hawainiya?

Ni ma ina son motar nan, ƙararta kaɗai tana faranta mini rai. Amma mai saye, kada ka ba da ko sisi sai an jona ta da kwamfuta a gabanka.