Uwar Mai Keke, Zo Mu Leƙa Filin Da Ake Tsere Babu Birki

 

Hirar yau da ke ce, uwar yaro mai son keke. Ko nasa ne ko na haya, da zarar ya ɗare sirdi sai ya fara neman abokin tsere. Kina tsakar gida kina aiki, amma hankalinki yana bakin titi, inda 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu ke giftawa. Da yawanmu dabara ɗaya muka sani: a ƙwace keken a kulle a ɗaki. Sai dai kin sani na sani, yaron da aka hana a gida zai je bayan layi ya ari na abokinsa, ya yi tseren a inda idonki ba ya kai wa.

Saboda haka yau nake son in kai ki wani wuri da ake tseren keke da gudun gaske, yara da manya, kuma kekunan ko birki ba su da shi. Kada ki ce na zo da abin tayar da hankali. Akwai abin da za mu ɗauko a can mu kawo gida.

Wurin shi ake kira belodurom, wato filin da aka gina musamman don tseren keke. Ki ɗauka wani makeken kwano ne mai siffar ƙwai, wanda aka shimfiɗe da katako ko siminti. Irin wanda ake amfani da shi a gasar Olamfik zagayensa mita 250 ne, zagaye 4 ya ba da kilomita 1. Inda yake miƙe karkatarsa kaɗan ce, amma a kwana biyun nan yakan tashi ya kai digiri 42 ko ma fiye, ya fi yawancin matakalar benen gidajenmu tsayuwa. Mai tafiya a ƙafa sai ya yi rarrafe kafin ya hau. Mai keke kuwa gudun ne ke manna shi da jikin katakon, kamar yadda ruwa ba ya zuba idan kika wulwula bokiti da sauri. A irin wannan kwana, wanda ya cika jinkiri shi ne ke zamewa ƙasa.

Shi kansa keken daban yake da wanda muka saba gani. Giyarsa ɗaya, kuma feda a haɗe take da tayar baya. Muddin taya na juyawa, dole ƙafa ta juya. Babu zancen a saki feda a huta keke na tafiya. Idan mutum yana son rage gudu, sai ya riƙa turje wa fedar a hankali, ko ya ɗan haura saman gangaren, tudun ya cinye masa gudun.

To me ya sa aka cire birki? Masu tseren a jere suke tafiya, tayar wannan dab da ta wancan, wani lokaci tazarar ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Suna yin haka ne don na gaba ya tare musu iska, na baya ya samu sauƙin kusan kashi 1 cikin 3 na ƙarfin da zai kashe. A cikin irin wannan jeri, da mutum ɗaya zai damƙe birki kwatsam, duk na bayansa a kansa za su zube. Da aka cire birkin sai ya zama babu mai iya tsayawa ba zato, kowa ya san abin da na gabansa zai iya yi da wanda ba zai iya ba.

Kada ki ɗauka wannan wasa na zakarun da ake gani a talabijin ne kaɗai. Yawancin masu hawa waɗannan filaye 'yan sha'awa ne, ba sana'arsu ba ce. Malamin makaranta ne, ma'aikaciyar asibiti ce, ɗalibi ne, da yamma an tashi aiki su haɗu su fafata, gobe kowa ya koma bakin aikinsa. Ki ɗauki filin Herne Hill da ke kudancin Landan a ƙasar Ingila. Tun 1891 aka gina shi, a nan aka yi tseren keke na Olamfik ɗin 1948, kuma har yau yana aiki. Filin waje ne, zagayensa kusan mita 450, gangarensa bai kai na sababbin filaye tsayuwa ba, don haka ya dace da 'yan koyo. Akwai lokacin ƙananan yara, akwai na mata, akwai na masu shekaru, kuma 'yan sa-kai ne ke ɗauke da yawancin hidimar. Da aka yi fargabar rufe shi a wajajen 2010, mutanen unguwa da iyaye ne suka tashi suka yi gangami har aka gyara shi. A nan Bradley Wiggins ya fara tsere yana ɗan shekara 12, shi ne kuma ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya ci babbar gasar keke ta Faransa a 2012.

Irin tseren da suke yi ma abin sha'awa ne. Akwai na kowa ya tashi tare, wanda ya riga tsallake layi bayan adadin zagayen da aka yanka shi ya ci. Akwai na maki, inda ake ba da maki duk bayan wasu zagaye, a ƙarshe a tara. Akwai na fitar da na baya, wanda 'yan kallo suka fi so: duk bayan zagaye 2 a cire wanda tayarsa ta zo ƙarshe, har a rage mutum biyu su kara. Akwai kuma keirin, wanda ya samo asali daga Japan a 1948. A shi babur ne ke jan gaba, yana ƙara gudu sannu a hankali har ya kai kusan kilomita 50 a awa, sannan ya kauce ya bar su su ƙarasa da ƙarfin ƙafarsu.

Abin da ya fi jan hankalina dai shi ne yadda ake karɓar sabon shiga. A manyan filayen Ingila ba a barin mutum ya shiga tsere don kawai ya iya keke. Sai ya bi matakai a hannun mai horarwa, an gwada shi, an tabbatar ya iya tafiya cikin jama'a. Ranar farko a ƙasa zai yi ta zagaye, a wurin da yake shimfiɗe, yana koyon tashi da tsayawa. Daga nan a matsa da shi sama kaɗan-kaɗan. Akwai layuka da aka ja a jikin filin, baƙi da ja da shuɗi, kowanne da ma'anarsa. Kowa hanya ɗaya yake bi, kullum hagu ake karyawa. Ba a sauya layi sai an waiga. Ba a wuce mutum ta ƙasansa idan yana tsakanin baƙin layi da ja, sai dai ta sama. Ba a shiga babu hular kwano. Ana raba mutane gwargwadon shekaru da ƙarfi, har ma a taƙaita girman giyar da yara za su yi amfani da ita, don kada su ɗora wa gwiwoyinsu nauyin da bai dace da su ba.

Ba zan ce miki ba a faɗuwa ba. Ana faɗuwa, ana ƙujewa, wani lokaci har da karayar ƙashin wuya. Amma a can babu mota, babu rami, babu kwata a buɗe, babu akuyar da za ta gitta, kuma akwai babba a tsaye yana kallo. Ki kwatanta da ɗanki da ke da birki biyu amma yana tsere a layin da kowa ke shigowa ta inda ya ga dama. Wanne ya fi zama cikin haɗari? Gudun da muke jin tsoro, idan aka sama masa wuri da doka da mai lura, rabin haɗarinsa ya tafi.

Mu ma nan gida Najeriya muna da irin wannan fili, a cikin babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda aka gina don wasannin ƙasashen Afirka na 2003, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019. A nan aka yi gasar tseren keke ta cikin fili ta nahiyar Afirka a 2022. Kina iya tuna labarin Ese Ukpeseraye, 'yar Najeriyar da ta je Olamfik ɗin Paris a 2024. Da damar shiga tseren cikin fili ta zo mata, ba ta da keken da ya dace, sai tawagar Jamus ce ta ara mata, ta hau ta fafata. Labarin ya ba mutane da yawa takaici, amma ya nuna akwai masu hazaƙa a cikin 'ya'yan ƙasar nan, tallafi ne ya yi ƙaranci.

Ga kuma wani labari da ya shafe mu kai tsaye a matsayin iyaye mata. Laura Kenny, 'yar Birtaniya da ta ci zinare 5 a Olamfik a wannan wasa, bakwaini aka haife ta da matsalar huhu, daga baya kuma aka gano tana da asma. Mahaifiyarta ce ta fara hawa keke don rage ƙiba, sai 'ya'yan suka bi sahu, suka shiga ƙungiyar keke ta kusa da su. Uwar ba ta tashi da niyyar raino zakara ba, lafiyarta take nema. Yara kuwa abin da suka ga ana yi a gida shi suke ɗauka.

Na san mafi yawanmu Abuja ta yi mana nisa, kuma babu wanda zai gina mana kwanon katako a unguwa. Amma tsarin nasu ba ya buƙatar katako. Ga abin da za ki iya yi tun daga wannan hutun:

Na farko, ki ji da kyau: keken titi dole ya kasance da birki, gaba da baya, masu kamawa. Rashin birki na cikin belodurom ne kaɗai, inda babu mota kuma kowa a kan doka ɗaya yake. Idan yaro ya ga bidiyo a waya ya ce zai kwance nasa, ki taka masa birki ke ma. Kafin ya fita ki matsa birkin da hannunki, ki taɓa taya ki ji iska, ki girgiza sirdi da kan keken. In akwai abin da ya yi sako-sako, a kai wa mai gyara. Keken haya ma sai an duba shi haka.

Na biyu, ki sama wa tseren wuri. Filin makaranta bayan an tashi, da izinin masu makarantar, ko wani fili da mota ba ta ratsawa. A jera duwatsu ko tsofaffin robobi a fitar da zagaye, a ja layin tashi da na ƙarshe. Ki yi magana da maƙwabta biyu ko uku, a riƙa karɓa-karɓa, yau yayan wannan ne zai tsaya, gobe baban wancan.

Na uku, dokokin can su zama na nan. Kowa hanya ɗaya. A waiga kafin a kauce. Ba a matse abokin tsere, ba a sa masa ƙafa. Manya daban, ƙanana daban. Wanda ya karya doka ya zauna zagaye ɗaya yana kallo. Wannan hukuncin ya fi bulala shiga jikin yaro mai son keke.

Na huɗu, hular kwano, irin ta keke, daidai kansa, a ɗaure igiyar yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Takalmi rufaffe, ban da silifas. Doguwar riga, bakin wando, zani ko hijabi, duk a tattare su sosai, don sarƙa da taya suna kama tufa su kayar da mutum nan take. Wannan ya fi shafar 'yan matanmu ƙanana da ke koyo a tsakar gida ko filin makaranta.

Na biyar, a guji tsakar rana. Da safe ko bayan la'asar, da gorar ruwa a kusa, kuma kowa ya dawo gida kafin magariba.

Ki kuma gwada musu wani wasa: tseren wanda ya fi jinkiri. Wanda ya zo ƙarshe ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba shi ya ci. Za su yi ta dariya, amma nan ne ake koyon riƙe keke. Manyan 'yan tseren ma sukan tsaya cak a kan keke a tsakiyar fafatawa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara wucewa.

Idan kuma tsautsayi ya gitta yaro ya bugu a kai, kada a tsaya shafa man zafi. In ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko barci ya yi masa yawa, ko maganarsa ta rikice, a wuce asibiti kai tsaye. Allah Ya tsare mana su.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba waigawa kafin ya kauce yana kan keke, shi ne gobe zai duba madubi idan ya hau babur ko ya riƙe sitiyari. Wanda kuma ya koyi shan kaye ya miƙa wa wanda ya ci shi hannu, ya samu tarbiyyar da ba a sayarwa a kasuwa.

Yanzu saura ku. A unguwarku ina yara ke hawa keke? Akwai wadda ta taɓa haɗa kai da maƙwabta aka sama musu fili? Ke kuma da kika kulle keken a ɗaki, me ya kai ki ga haka? Ku rubuto a ƙasa mu ƙaru da juna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.