Babban Inji A Tsohuwar Mota: Ina Burkin?

Jama'a, sauya wa mota inji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya san garejin fitocinmu na nan Tamale, ko Suame Magazine a Kumasi, ko Abossey Okai a Ankara, ya san yadda ake ciro mataccen inji a dasa na gwanjo, mota ta tashi ta ci gaba da neman abinci. Haka abin yake a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Talaka ba shi da kuɗin sabuwar mota, kuma basirar makanikanmu ce ta sa har yau tsofaffin Benz da Peugeot ke kai mutane kasuwa. A kan wannan sai dai mu ce Allah Ya saka musu da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani sauyin inji na daban, wanda ba lalura ke kawo shi ba. Matasanmu na kallon bidiyo a Facebook da TikTok, inda Turawa ke ɗaukar tsohuwar ƙaramar motar tsere su cusa mata ƙaton inji, ta riƙa gurnani tana tayar da hayaƙi. Sai mai ɗan hali a cikinsu ya ce shi ma tsohuwar motar babansa sai an sa mata inji mai silinda 6 ko 8. Ra'ayina a taƙaice: wanda bai shirya kashe wa burki da ƙafafun mota kuɗi kamar yadda ya kashe wa inji ba, to ya bar motar yadda ya same ta.

Bari mu duba inda wannan sana'a ta yi suna. A shekarar 1962 wani tsohon direban tsere ɗan Amurka, Carroll Shelby, ya ɗauki wata 'yar ƙaramar motar Ingila mai suna AC Ace, wadda aka saba sa mata inji mai silinda 6, ya sa aka dasa mata injin Ford mai silinda 8, lita 4.3. Ita ce aka raɗa wa suna Cobra, kuma har gobe masu sha'awar mota na ambaton ta. To amma abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne, tun a karon farko sai da aka ƙarfafa ƙarafunan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Da aka zo sa mata injin lita 7 a 1965 kuwa, sai da aka ƙera mata sabon ƙashin jiki da bututun ƙarfe masu kauri, aka sauya sifirin, aka faɗaɗa jikin don manyan tayoyi su shiga, aka ƙara wa lagireto hanyar shan iska. Wato kusan sabuwar mota suka ƙera.

Mu dawo kan wadda muka fi sani, Peugeot 504, wato Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta daɗe tana harhaɗa ta. Yawancin waɗanda suka yi tashe a hanyoyinmu injinsu silinda 4 ne, bai wuce lita 2 ba. Kamfanin ya fitar da wata mai ƙofa biyu da inji mai silinda 6 a 1974, kuma irinta ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da gasar Bandama ta Kodebuwa da ita a 1978. Sai dai injiniyoyi ne suka shirya waɗannan motoci tun daga burki har taya, suka gwada su, kuma hanyar tsere aka ƙera su dominta. Babu wanda ya ƙera su don bi ta gaban kasuwar Kukuo da yamma.

Mai karatu, lissafin ba shi da wuya. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, tazarar da burki ke buƙata kafin ya tsayar da ita ninkawa take yi sau huɗu. Babban inji kuma yawanci ya fi nauyi, sai ya danne gaban mota, sitiyari ya sauya hali a kwana, baya ya riƙa wutsiya. Giyabos da kuloci da aka yi wa ƙaramin inji za su riƙa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu. Lagireton da ke sanyaya silinda 4 ba zai iya da 8 ba, balle a zafin watan Maris na Tamale. Ga kuma walda: wurin da aka yanke aka liƙa don sabon inji ya zauna, a jikin ƙarfen da ya shekara 40 yana shan tsatsa, nan ne zai fara tsagewa. Da ƙarfin doki ake auna inji, kuma duk wanda ya kalli hawan Damba ya san ba a riƙe ingarma da igiyar jaki.

Wani zai ce ai motarsa ce, kuɗinsa ne. Gaskiya ne, amma hanyar ta kowa ce. Tamale gari ne na babura da kekuna da masu ƙafa uku, uwa da goyo a kan babur, 'yan makaranta na tsallaka titi. Dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta ƙayyade gudun kilomita 50 a awa a cikin gari, 90 a babbar hanya. Tsohon injin ma yana wuce haka ba tare da wahala ba. To ƙarin ƙarfin na ina ne? A shekarar 2023 kaɗai fiye da mutum 2,000 suka rasu a haɗarin hanya a Gana. Ba na cewa sauya inji ne ya kashe su, amma ƙasar da ke binne mutane haka ba ta buƙatar ƙarin motocin da ke tashi kamar kibiya su kasa tsayawa.

Akwai kuma asarar mai motar kansa. Lambar inji na rubuce a takardun mota. Wanda ya sauya bai sanar da hukumar DVLA ba, ranar da tsautsayi ya faɗa, kamfanin inshora na iya samun hujjar ja da baya. Sannan a kasuwar tsofaffin motoci ta duniya, wadda ke ɗauke da injinta na asali ita ta fi daraja. Sau da yawa mutum ya kashe kuɗi ya rage wa kayansa tsada.

Don haka ina kira ga manyan fitocinmu. Maigida, in yaro ya zo maka da wannan buƙata, ka fara yi masa lissafin burki da taya da shokozoba da lagireto kafin na inji. In ya ce ba shi da kuɗin waɗannan, ka ce masa aikin bai yiwuwa, domin sunan garejinka ne za a ambata ranar da abin ya ɓaci. Hukumar DVLA da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa su riƙa buɗe gaban mota da gaske lokacin gwaji, su gwada burki a kan na'ura. Jami'ar Fasaha ta Tamale ma za ta iya shirya wa ƙungiyoyin fitoci gajerun darussa a kan wannan aiki. Iyaye kuma mu tambayi 'ya'yanmu abin da ake yi wa mota a gareji, tun da rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.