RA'AYINMU: Kada A Bar Harabar Kotu Hannu Rabbana

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare tsakanin mutanenmu na Arewa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabo na Badun, har Ama Hausa ta Owerri. Da zarar majistare ya ce an sallami mutum, ko 'yan sanda sun buɗe masa ƙofar caji ofis, sai ya kaɗe rigarsa ya kama hanya, ko waiwaye ba ya yi. In ka ce masa ya koma ya karɓi takardar hukunci, sai ya ce kai dai ba ka san wuya ba, wa zai mai da kansa bakin kura? Mu kuwa a ganinmu, shari'ar da mutum bai riƙe takardarta ba, da sauran rina a kaba.

Dalili kuwa shi ne mu baƙi ne a nan. A gida, in magana ta taso bayan shekara biyar, akwai mai unguwa da dagaci da dattawan da aka yi abin a kan idonsu. A nan fa? Majistaren da ya yanke hukunci an yi masa canjin wurin aiki, sufeton da ya riƙe maganar an tura shi wata jiha, shaidun kuwa 'yan ci-rani ne, damina na faɗuwa suka koma gona. Mai shaidar da zai rage wa mutum shi ne takarda mai hatimi. Tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya hana a gurfanar da mutum sau biyu a kan laifi guda, amma ya ce wanda ya nuna an riga an yi masa shari'a an hukunta shi ko an wanke shi. To da me za ka nuna in ba da takarda ba?

Kuskuren farko da akan yi shi ne ɓatan ƙofa. Da yawa daga cikinmu in suna neman irin wannan takarda sai su nufi sakatariyar ƙaramar hukuma, su yini a kan benci. Wannan kuwa gadon zamanin En'e ne. A wancan zamani 'yan doka da alƙali da gidan yari duk a hannun En'e suke, saboda haka wanda ya je ofishin En'e ya je inda komai yake. Amma tun 1968 kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin jihohi, aka kuma shiga haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. A Amurka ne har yanzu gunduma ke da nata shugaban 'yan sanda da akawun kotu, mai neman takarda ya nufi ofishin gunduma. A ƙasar nan tsarin ya sha bamban. Tsarin mulkin 1999 ya sa 'yan sanda a hannun Tarayya, kotun majistare kuwa ta jiha ce. Abin da ƙaramar hukuma ke riƙe da shi shi ne maganar kasuwa da tasha da rumfuna da makamantansu. Saboda haka takardar hukunci tana wurin rajistaran kotun da ta yi shari'ar, rahoton 'yan sanda kuma yana caji ofis ɗin da aka kai maganar.

Mu fara da kotu. Sashe na 36 ɗin nan ya wajabta wa kotu ta ajiye rubutaccen bayanin duk shari'ar laifi, ya kuma ba wanda ake tuhuma, ko wanda ya wakilta, ikon karɓar kofen hukunci cikin kwana 7 da gama shari'a. Abin da ake bukata shi ne takardar roƙo zuwa ga rajistara, ɗauke da lambar ƙara, da sunayen masu shari'a, da ranar hukunci. Wannan ya sa tun ranar farko ya kamata mutum ya sa a rubuta masa lambar ƙarar da ke kan takardar tuhuma, domin da ita ake neman fayil. Kofen da ake karɓa a gaban hukuma shi ne wanda akawun kotu ke kira C.T.C., watau kofen da aka tabbatar. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 104, ta bayyana kamanninsa: a biya kuɗin da doka ta yanka, a rubuta a ƙasansa cewa kofe ne na gaskiya, a sa kwanan wata, jami'in ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi. Kofen da aka yi a shagon bakin titi ba tare da waɗannan ba, lauyan abokin hamayya zai sa a yi watsi da shi nan take.

In an karɓi takardar, a samu amintacce mai jin Turanci ya karanta ta tsaf, domin kalmar "sallama" a bakinmu tana rufe abu biyu. Akwai wanda aka saurari shaidu aka wanke shi, wannan maganarsa ta mutu. Akwai kuma wanda aka kori ƙararsa don mai ƙara ko ɗan sanda mai gabatarwa ya daina zuwa kotu. Wannan na biyu ana iya sake kama shi a kan magana guda ɗin. Wanda bai san ko wane ne shi cikin biyun ba, yana tafiya ne a kan ƙaya da ido rufe. Wanda kuma hukunci bai yi masa daɗi ba, ya sani ɗaukaka ƙara yana da wa'adi. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne a shari'ar laifi, lauya kuwa ba shi da abin kamawa sai ya ga rubutaccen hukunci.

Sai wajen 'yan sanda. Dokar shari'ar laifuka ta Tarayya ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun ce in an kama mutum a rubuta jerin duk kayan da aka karɓa daga hannunsa, ɗan sanda ya sa hannu, shi ma ya sa, a ba shi kofe. Ɗan acaɓan da aka karɓe wa babur, da mai canji da aka karɓe wa jaka, wannan 'yar takarda ita ce dukiyarsu. Haka nan wanda takardun motarsa ko na rumfarsa suka ɓata ko suka ƙone, hanyar ita ce ya yi rantsuwa a rubuce a kotu, ya kai rahoto caji ofis, a shigar cikin littafinsu, a cire masa abin da suke kira ekstirak. Mai neman aiki ko fita waje kuwa akan tambaye shi takardar shaidar hali, wadda ake dangwala yatsu a duba a rajistar masu laifi ta 'yan sanda, irin ta Alagbon a Ikoyi. In aka ga sunanka a kan tsohuwar tuhuma, kofen hukuncin da ya wanke ka shi zai fisshe ka.

To in an hana fa? A watan Mayu na 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar 'yancin samun bayanai. Ta ba kowa ikon neman takarda daga hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana 7 ta bayar, ko ta rubuto dalilin hanawa. Wanda ba ya rubutu yana iya aika wakili, in kuma da baki ya nema, wajibin jami'in ne ya rubuta masa roƙon ya ba shi kofe. Kuɗin da za a karɓa na yin kofe ne kurum. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya kai ƙara, jami'in da ya hana ba bisa ƙa'ida ba kuma tararsa Naira 500,000. An daɗe ana gardama ko dokar ta shafi jihohi, har a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo. Sai dai a sani dokar ba ta buɗe komai ba. 'Yan sanda na iya riƙe bayanin binciken da ba a gama ba, da sunan wanda ya tsegunta musu, wannan kuwa daidai ne.

Za a ce mana duk wannan a takarda ne, in an je sai a ce akawu ya fita, ko fayil ya ɓata, ko a dawo gobe, har mutum ya gaji ya miƙa na goro. Ba mu musanta ba. Amma wanda ya zo da roƙo a rubuce, ya sa aka buga masa hatimin karɓa a kan kofensa, ya biya a wurin biya ya karɓi rasit, ya fi wuyar wasa da hankali bisa wanda ya zo da baki ya faɗa hannun 'yan kamasho na bakin kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976, a Ikko kuma akwai ofishin lauyoyin kare talaka na jiha tun shekarar 2000. Ɓatan fayil ma hujja ce a gare mu. A watan Oktoba na 2020 aka cinna wa Babbar Kotun Igbosere wuta, tare da caji ofis da dama a Ikko, takardun shari'a masu ɗimbin yawa suka salwanta. Wanda ya ajiye kofensa a ƙasan akwati, wutar ba ta ci gaskiyarsa ba.

Muna kira ga alƙalan alƙalai na jihohin Kudu su sa a kafa jerin kuɗin karɓar takardu a bakin ofishin kowane rajistara, har da Hausa a inda mutanenmu suke da yawa. Muna kuma kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, na Alaba Rago da Mile 12 da Shasha da sauransu, kowa ya ɗauki magatakarda mai jin Turanci, a buɗe littafi. Duk ɗan kasuwar da aka kama a rubuta caji ofis, da lambar ƙara, da ranar zama, in an gama a raka shi ya karɓi takardarsa, a ajiye kofe ɗaya a ofishin ƙungiya. Kuɗin wannan aiki bai kai abin da ake tarawa a karo-karon beli guda ba.

Kai kuma mai karatu, in kana da tsohuwar shari'a da ka baro ba takarda, kada ka jira sai an ƙwanƙwasa maka ƙofa da asuba. Nemi lambar ƙararka cikin makon nan, ka nufi ofishin rajistara.