Uwargida, Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashinki A Fili

  

Na yi niyyar mu ci gaba da maganar tarbiyyar 'ya'ya mata da muka faro a watan jiya, sai wani abu ya sha gabana. A daminar da ta wuce, wata ɗalibata a ajin matan aure ta yi mako biyu ba ta zo Islamiyya ba. Da na je dubo ta a nan Gubuchi, sai na tarar bangon ɗakinta ya zube, an kafa zana a gurbinsa. Allah Ya taƙaita, daren da abin ya faru yaran suna kwana wajen kakarsu. Filin nan da kuɗin adashinta na shekara uku da tumaki biyu ta saye shi, da rani, wuri a bushe ƙayau, ga araha. Abin da dillali bai faɗa mata ba shi ne, ta nan ruwan unguwar yake gangarawa fadama tun iyayenta ba su zo duniya ba. Daɗin daɗawa, an cike kududdufin da ke sama da su, an yanka shi filaye.

'Yar uwa, ki lura da yadda abin yake. Kududdufi rami ne da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, shi kuma ya zama tulun unguwa. In an yi ruwa mai ƙarfi sai ya tare shi, ƙasa ta riƙa tsotsa a hankali, rijiyoyinmu su samu. Ranar da aka cike shi da shara aka aza bulo, ruwan da sama ke zubarwa bai ragu ko da cokali ba, masauki kawai ya rasa, sai ya nemi gida mafi gangare. Ginin ƙasa kuwa ta gindi yake mutuwa. Ya sha ruwa kwana uku, ya jiƙe, a na huɗu ya kwanta, kuma galibi da dare. Na san wata za ta ce, Malama, ai kududdufin nan ne gidan sauro, kuma yara na faɗawa. Gaskiyarki. Amma maganin wannan shi ne a killace shi, a daina zuba masa ƙazanta. In kuma dole sai an cike, to a fara fitar wa ruwa da lambatu tukuna.

Kada mu ɗauka ƙaramar magana ce. A watan Yulin 2018 ambaliya ta kashe mutum fiye da 40 a Jibiya ta Jihar Katsina. A 2022 ta ci rai fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan 1 da gidajensu. A watan Mayun 2025 aka wayi gari da ta Mokwa a Jihar Neja, inda aka rasa fiye da mutum 150. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ɗaure raƙumi ma umarni ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda wasu ke ɗaukar dokar hana gini a hanyar ruwa tamkar wani abu da Turawa suka ƙaƙaba mana. Wallahi malamanmu sun riga su. A fiƙihu akwai babin harimi, wato sararin da ake bari a kewayen rijiya, ko rafi, ko itace, ko gari, wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya cuci jama'a ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a yanke wa rijiya taku kaza ba. An auna da cuta ne: duk abin da zai ɓata ruwanta ko ya ƙuntata wa masu ɗiba, an hana. Har inda indararon gida ke zuba an lissafa shi cikin haƙƙin gidan, haka ma inda mutanen gari ke kiwo da yin itace. Akwai kuma hima, wato dajin da shugaba ke keɓewa don amfanin kowa. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza. Madina kanta an hana sare itacenta da farautar namunta. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi guda a kan hukuncin filaye, mai suna Ta'alimur Radi. Ashe burtali da mashaya da makiyaya da iyayenmu suka bari ba don sun rasa abin shukawa ba ne.

Ta ɓangaren hukuma kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, ta kuma ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Wato takardar cinikin da aka rubuta a zaure da shaidu biyu tana nuna kin biya kuɗi ne, ba ta halatta miki toshe rafi ba. A Jihar Kaduna, KADGIS ce ke rajistar filaye, KASUPDA ke ba da izinin gini a birane irin su Kaduna da Zariya, tana kuma rushe wanda aka aza a kan magudanar ruwa, KEPA kuma ke kula da muhalli. Manyan ayyuka, irin madatsar ruwa ko masana'anta, dokar tarayya ta 1992 ta ce sai an binciki illarsu ga muhalli kafin a fara.

To, ina ruwanmu da namun daji? Ki tambayi kakarki yawan zabin daji da makwarwa da zomaye da ake gani a bakin fadama a zamaninta, da yadda shamuwa ke sheƙa a kan itatuwan gari in damina ta gabato. Duhuwar bakin rafi ita ce gidansu, kuma saiwoyinta ne ke riƙe gaɓa. In an sare ta an yi gawayi, sai gaɓar ta zaizaye, yashi ya cike rafin, ruwa ya fantsama gonaki. Mu da ƙasar Makarfi ta yi suna da rake, Ikara da Kudan da tumatir da kayan lambu, fadama ce tukunyarmu. Maƙwabtanmu na Kano suna da misali: dajin Falgore, da aka keɓe don namun daji, shi ne ke kare Kogin Kano da ke cika madatsar Tiga, wadda manoman rani na Kadawa ke sha. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya kuwa ba sai na gaya miki ba, daga nan daddawarki da man kaɗenki suke fitowa.

Saboda haka, uwargida, in za ki sayi fili, ko maigida ya zo miki da maganar, ki roƙe shi a je a ga wurin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. A tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa ke bi, a sa mai unguwa da dagaci a ciki, sannan a je sashen filaye na ƙaramar hukuma kafin a biya ko sisi. Fili mai araha fiye da na maƙwabta, a binciki dalili. Ki faɗi wannan cikin ladabi, lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban baƙi ba.

Saura laifinmu mu mata, don kada a ce na kare namu. Wa ke aiken yaro da shara da zarar hadari ya haɗu, a ce ya juye a kwata ruwa ya tafi da ita? Ledar nan da ƙunzugun yara kwalbatin gaba suke zuwa su toshe, ruwan ya koma ɗakin wata baiwar Allah. Musulunci ya hana ko yin bahaya a mashayar jama'a da kan hanya da inuwar da ake hutawa, balle a rufe hanyar ruwa ɗungurungum. Ni dai na sa 'yan ajina sun yi alkawarin ramin shara a bayan gida, toka da dattin dabbobi kuma a kai gona.

Ɗalibar tawa ta dawo karatu. Matan ajin sun haɗa mata kuɗin buhun siminti huɗu, mai unguwa kuma ya tara magidanta a kan maganar fitar da lambatu kafin ruwan fari. A watan gobe, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan tarbiyyar 'ya'ya mata.