Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Tsara Birane Ta Jihar Kano



Roƙona shi ne ku riƙa tunawa da mai tafiya a ƙasa duk lokacin da kuke zana titi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma tafiya da ɗan sauri ta wadatar. Kowa ya ji cewa tattaki na taimaka wa masu hawan jini da ciwon suga. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda yake sauke damuwa. Hasken safiya na daidaita barci, mai isasshen barci kuwa da wuya ya wuni cikin ƙunci. Dattijon da ya taka zuwa sallar Asuba, ya dawo yana gaisawa da maƙwabta, ya san haka tun kafin likita ya faɗa.

To amma a ina za a taka? An yi gadojin sama, motoci sun ji daɗi. Gefen titi kuwa masu kaya sun baje, adaidaita sahu sun faka, kwatoci a buɗe. Tsofaffi da mata masu goyo ne suka fi shan wahala.

Ku shimfiɗa hanyoyin ƙafa, ku dasa darbejiya a gefensu, domin a watan Afrilu babu mai fita tattaki inda babu inuwa. A gyara hanyar hawa Dala da Goron Dutse, a sa fitilu da wurin zama.

Naku,
Wani mazaunin Kano