Ina uban gidan nan yake bayan Magariba?

Duk shekara idan azumi ya ƙarato sai maganar makarantun mishan ta taso a zangunanmu. Tun abin da ya faru a Wesley Girls ta Cape Coast a 2021, lokacin da makarantar ta hana ɗalibai azumi, Hukumar Ilimi ta Gana ta ce a bar su su yi, Cocin Metodis kuma ta ce ba za ta taɓa dokarta ba, har yau ƙurar ba ta kwanta ba. Batun addinin 'ya'yanmu a makarantar ma ya kai gaban Kotun Ƙoli. Ni dai ina tare da masu cewa yarinyar da ta isa azumi a bar ta ta yi, kuma makarantar da ake biyan malamanta da harajin kowa ba ta da hurumin hana 'yar Musulmi salla. A nan nake, ban gusa ba.

Sai dai akwai wata magana da ake liƙawa a jikin wannan, wai Kiristoci suna ƙwace mana yara. Na ji ta a kan mumbari, na ji ta a wurin suna, na ji ta wurin masu shan ataya. Duk sanda na ji, tambaya ɗaya ke zo mini: shi yaron da ake tsoron a ƙwace ɗin, wa ke riƙe da shi a gida?

Gidan haya nake zaune a Kumasi, irin mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Ƙofar da ke kallon tawa ta wani kafinta ce, Ba'ashante, dattijo a cocin Firesbiteriya, mai 'ya'ya huɗu. Shekaru muna tare. Ban taɓa shiga cocinsa ba, bai taɓa gayyata ta ba, amma wanda kuke shanya a igiya ɗaya ba ya ɓoye maka yadda yake zaune da iyalinsa.

Idan na dawo daga sallar Asuba nakan tarar da fitilarsu a kunne. Shi da matarsa da yaran suna zaune, ɗaya daga cikin yaran na karanta Baibul da harshen Tuwi, uban na gyara masa inda ya yi tuntuɓe. Su yi waƙa ɗaya ƙasa-ƙasa, sannan ya yi addu'a. Duka-duka bai wuce minti goma sha biyar ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a cikin addu'ar yakan kira kowane yaro da sunansa, ya faɗi abin da ke gabansa: wannan na da jarrabawar lissafi yau, waccan ta kwana da zazzaɓi, babban ya yi faɗa da abokinsa. Ke nan ya san duk wannan. Kafin yaro ya sa takalmin makaranta ya riga ya ji ubansa ya ambace shi a gaban wanda yake bauta wa.

Daren Asabar shi ke goge takalman gidan gaba ɗaya, ya jera su a bakin ƙofa daga babba zuwa ƙarami. Idan an ɗauke wuta ya hura dutsen guga na gawayi. Lahadi da safe su fita tare, ƙaramar a wuyansa. Bayan sun taso kuwa sai ka ji turmi: shi ke riƙe taɓarya yana kirɓa fufu, matar na juyawa, yaran na gardamar wa zai samu ƙafar kaza a miyar gyaɗa. A kwano ɗaya suke ci. Daga nan ya jingina da bango, rediyo a kan cinya, idan Asante Kotoko na wasa a filin Baba Yara duk gidan sai ya sani. In ba wasa, ya ɗauko allon oware, darar nan tasu mai gurbi goma sha biyu, ya zauna da ɗansa mai shekara tara, yaron ya cinye shi, ya yi ta rantsuwar an yi masa maguɗi.

Wata rana na ce masa, "Agya, kai ba ka gajiya da hayaniyar yaran nan?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, hayaniyar nan ai ita ce albashina. Katako kuɗin haya kawai yake ba ni." Ya ƙara da cewa a wurinsu ba a naɗa mutum dattijon coci sai an duba yadda yake riƙe da gidansa, don littafinsu ya gindaya wannan sharaɗi. Ban sani ba ko kowace coci na bin haka, amma shi ya ɗauke shi da gaske.

Kada wani ya ce ai su haka al'adarsu take. Ba haka take ba. Akan mutane ne masu gado ta wajen uwa. A tsarinsu na dā kawu, wato wɔfa, ya fi uba iko a kan yaro, kuma ɗan 'yar'uwa ke gadon mutum, ba ɗan cikinsa ba. A tsohuwar Asante sau da yawa mace na zaune a gidan danginta, da yamma a aiki yara su kai wa miji abinci gidan nasa dangin. Mishan ɗin Basel, wanda ya iso wannan gaɓa a 1828, shi ya dage a kan miji da mata da 'ya'ya su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya. Har unguwanni na daban suka kafa wa waɗanda suka karɓi addinin, ana kiran su Salem, a Akropong da Osu da wasu garuruwa. In ka duba, zango ne na Kiristoci. Ita kanta dokar ƙasa sai a 1985, da dokar gado ta PNDC mai lamba 111, ta tabbatar wa mata da 'ya'ya kaso mai tsoka a dukiyar mutumin da ya mutu bai bar wasiyya ba. Don haka zaman da nake gani a ƙofar maƙwabcina koyonsa aka yi, a hankali, cikin 'yan ɗaruruwan shekarun da ba su kai biyu ba.

To mu fa, da addininmu ya ɗora nasaba da ciyarwa da tarbiyya a wuyan uba tun farko?

Mu faɗi gaskiya game da yinin magidancin zango. Asuba a masallaci, madalla. Koko da ƙosai a bakin titi. Kejetiya ko Suame ko tashar mota har rana ta faɗi. Magariba a masallaci, a zauna a jira Isha'i, daga nan a zarce majalisa, ko abin da samarinmu ke kira bes, a yi ta shayi da siyasa da ƙwallon Turai har goma ko sha ɗaya. Tuwo ma a can ake kai masa, ya ci da abokai. Ya shigo gida yara sun yi barci. Ba mugu ba ne, kuɗin cefane yana ajiyewa, kayan Salla yana ɗinkawa. Amma ka tambaye shi ajin da ɗansa na uku yake, sai ya waiwaya ya ƙwala wa uwar kira.

Addinin yaron kuma mun ba malamin makaranta kwangilarsa. Allah ya saka wa malamanmu, da ɗan abin da ake ba su ranar Laraba ba wanda zai ce ba su yi ƙoƙari ba. Sai dai malami ɗaya da yara sittin da bulala ɗaya, abin da zai iya bayarwa shi ne hadda. Yaro ya tashi ya san addini wuri ne da ake duka in ka manta aya, uba kuma mutum ne da ake yin tsit idan ya shigo. Ga kunyar nan tamu ta gado, wadda ke hana mutum kiran sunan ɗan fari ko wasa da shi a gaban jama'a. Ina girmama kunya, amma ba ita ce za ta hana ka tambayar ɗanka yadda ya yini ba.

Irin wannan yaro ne muke sakawa a mota yana ɗan shekara goma sha biyar, musamman tun da aka fara sakandare kyauta a 2017, mu tura shi makarantar kwana. Fitattun makarantun kuwa kowa ya san na su wa ne: Mfantsipim ta Metodis tun 1876, Adisadel ta Angilika, Opoku Ware ta Katolika, Presec ta Firesbiteriya. A can zai haɗu da malamin ɗakin kwana wanda ya san sunansa, da ƙungiyar ɗalibai masu waƙa da dariya waɗanda ke tambayarsa ko ya ci abinci. In zuciyarsa ta karkata, laifin wa? Kuma ma, a abin da idona ya gani, waɗanda suka bar Musulunci ta wannan hanya 'yan ƙalilan ne. Waɗanda muka rasa da yawa ba coci ce ta ɗauke su ba. Tiramol ne, da shagon caca na ƙwallo, da damfarar intanet, da hanyar Libiya. Waɗannan ba su da fasto, kuma ba wanda zai kai su Kotun Ƙoli.

Na san abin da za a ce. Za a ce talauci, ɗaki ɗaya, ina za a zauna? Maƙwabcina ɗaki da falo gare shi, su shida. Za a ce mai mata biyu ko uku fa? Ai adalcin da aka wajabta masa bai tsaya a kwana da cefane ba, yaran kowane ɗaki suna da rabonsu a fuskarsa. Za a ce mu maza a jam'i muke salla, ba kamar su da ke zama benci ɗaya da iyali ba. Gaskiya ne, kuma ban nemi a sauya ko da alif ba. Amma nafila fa, wadda aka fi son a yi ta a gida? Tsakanin Isha'i da barci fa, wane nassi ne ya ce a bakin kwata za a ƙarar da shi?

Ba kuma cewa nake gidajen Kiristoci aljanna ba ne. A gidan namu akwai wani Kiristan da akpeteshi ya gama da shi, matarsa ke ciyar da shi. Akwai masu kwashe kuɗin makarantar yara su kai wa masu kiran kansu annabawa, akwai masu cin bashin da ya fi ƙarfinsu don jana'iza, akwai cocin da lasifikarta ke hana unguwa barci har asuba. Kowane gida da irin hayaƙinsa. Mutum ɗaya nake ba da labari, da irinsa, kuma suna da yawa.

Wanda ke jin nauyin a ce ya koyi wani abu a wurin Kirista, ya tuna ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 71 cikin 100 na mutanen ƙasar nan, mu kuma muna dab da kashi 20. Tare muke, ko mun so ko mun ƙi. Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, da ƙafarsa ya shiga cocin Christ the King a Ankara ranar Ista ta 2019, a shekarar da ya cika ɗari, wasu suka yi ta gunaguni, ya fito da rawaninsa da imaninsa ba abin da ya ragu. Balle ma abin da nake magana a kai ba aro ba ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya tsawaita sujada don jikansa ya hau bayansa. Ya yi tsere da Nana A'isha, yana gyara takalminsa da hannunsa, yana taya iyalinsa aikin gida. Sura guda a Alƙur'ani tana ɗauke da sunan Luƙman, kuma abin da aka fi saninta da shi uba ne zaune da ɗansa yana masa magana cikin taushi. Duk mun haddace wannan. A wa'azi muke jin sa, mu ce Allahu Akbar, mu koma majalisa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba yaran kaɗai ke asara ba. Uban ma yana yi. Akwai daɗin da ba a sayarwa a Kejetiya: 'yarka ta kawo maka allonta ta biya maka Tabbat ba tuntuɓe, ɗanka ya ba ka labarin ƙaryar da abokinsa ya shara a aji, ku yi dariya har ka ƙware da tuwo. Lokacinsa kuma gajere ne, shekara goma ce ko sha biyu, daga nan sun fi son abokansu. Je ka Aboabo ko Nima da hantsi ka dubi tsofaffin da ke zaune a inuwar masallaci. Da yawansu 'ya'yansu na Amurka ko Italiya ko Saudiyya, kuɗi na shigowa ta waya duk wata ba fashi. Amma idan ɗan ya kira, gaisuwa ce ta minti ɗaya, ina gajiya, ina ciwon ƙafa, sai ya ce, "Baba, ba Mma wayar." Da ita za a yi awa guda ana hira, tsohon na gefe yana jan carbi.

Roƙona ga limamanmu na unguwa ƙarami ne. Yadda ake ware huɗuba a kan haƙƙin iyaye, a ware ɗaya a kan haƙƙin yaro ya ga ubansa ido biyu. Kwamitocin masallatai da ke shirya karatu bayan Isha'i kusan kullum su bar dare ɗaya a mako ba lasifika, ba zama, liman ya sallame ya ce kowa ya tafi gida ya ci tuwo da 'ya'yansa. Daren Lahadi zai fi, tun da washegari akwai makaranta, a duba jakar yaro a ga ko yana da fensir.