Dandalin da ba a rufe shi da umarni ɗaya

A ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Kamfanonin sadarwa suka bi umarni, shafin ya ɗauke har 13 ga Janairun 2022. Abin ya zo da sauƙi ne saboda gidan ƙofarsa ɗaya, mai gidan ma ɗaya.

Mastodon, wanda Eugen Rochko ya ƙirƙiro a Jamus a 2016, ba haka aka gina shi ba. Dubban ƙananan rumbuna ne a intanet, kowanne da mai kula da shi da dokokinsa, amma suna hulɗa da juna kamar unguwannin gari guda. In an rufe ɗaya, sauran suna nan daram.

Kuɗi ma haka. Lokacin zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, da aka toshe wa ƙungiyar Feminist Coalition hanyar karɓar gudummawa ta banki, sai ta koma Bitcoin, tallafi ya ci gaba da shigowa. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa kuɗin kirifto. Ciniki ya koma hannu da hannu, bankin ya janye haramcin a Disamban 2023.

Ba shakka mazambata da masu yaɗa ƙarya ma ta nan suke bi, kuma wannan abin damuwa ne sosai. Amma a kama mai laifin a gurfanar da shi, kada a toshe bakin al'umma gaba ɗaya. 'Yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a su buɗe shafuka a dandali irin Mastodon tun yanzu, kafin a sake ɗauke musu murya.